Ranar da Adda Ta Miƙe a Zumunta

Shekarun farko bayan an ba mu jiha, ina zaune a unguwar Sarkin Dawaki a Jalingo da keken ɗinkina, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere, rijiya ɗaya, bayi ɗaya. Ɗakin da ke kallon nawa na wata mata ce 'yar Lau. Ta girme ni da kusan shekara goma, shi ya sa nake ce mata Adda. Kunun gyaɗa da ƙosai take sayarwa a bakin ofisoshin gwamnati, kuma ita ce mai buga tulu a zumuntar matan cocinmu. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ya zo" ne a bakinta, amma in ta ɗauki waƙa ba mai tuna wannan.

Mijinta direban gwamnati ne. Ya yi wata bakwai yana ramewa, ga zawo, ga tari, ga ƙuraje a baki. Danginsa suka ce sammu ne daga ofis, don an ba shi sabuwar mota. Aka kai shi ƙauye aka dawo da shi, ya rasu da damina. A wajen makoki na ji wasu maza a gindin mangwaro suna cewa "bakwai da ɗaya ce", suna dariya ƙasa-ƙasa. A lokacin ba a faɗin ƙanjamau a fili, sai dai a kewaya: bakwai da ɗaya takwas ke nan, takwas kuwa da Turanci ta yi kama da sunan ciwon.

Bayan wata biyu Adda ta shigo ɗakina da hantsi, ina kalmasa bakin wani zane. Ta zauna a kan buhun ƙyallaye.

"Na je asibiti an ɗebi jinina," ta ce. "Abin da ya kashe maigida yana jikina."

Na tsayar da keken. Na tambaye ta yaran fa. Ta ce su biyun an duba, lafiyarsu lau. Ta ce wata nas ta zaunar da ita ta yi mata bayani: ba a ɗauka a kwano, ba a ɗauka a gaisuwa ko a bayi, hanyarsa kwanciya ce da jini. Ta maimaita mini sau biyu, kamar mai biya karatu.

Ina da ƙane, direban tifa, yana kwasar yashi daga kogi zuwa wuraren gine-gine. Abokin mijin Adda ne na ƙut da ƙut, kuma duk gidan an san inda suke zuwa tare ran Asabar in an biya albashi. An riga an sa masa rana da wata yarinya 'yar Sunkani mai koyon aikin malanta. Da ya zo cin abinci wurina, Adda ta kira shi gefe, ina ji.

"Ƙanina, ba zan ɓoye maka ba. Inda maigidana ya shiga, kai ma ka shiga. Ka je a duba ka kafin ka ɗauko 'yar mutane."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "To, Adda. In na gama kwangilar nan zan je. Sati biyu."

Na yarda da gaske yake. Na san fuskarsa in yana ƙarya, kuma ba ita ba ce.

Ran Alhamis ta satin, bayan an gama karatu a zumunta, uwar zumunta ta tambaya ko akwai mai roƙon addu'a. Adda ta ajiye tulun ta miƙe. Ta faɗi sunan ciwon ɓaro-ɓaro. Ta ce ba sammu ne ya kashe mijinta ba. Ta ce mu mata muna zaune a gida ana kawo mana, saboda haka kowace ta je a duba ta, ta kuma yi wa mijinta magana. Mu wajen hamsin ne a ɗakin. Matar da ke kusa da ita ta ja zanenta ta matsa. Uwar zumunta ta ce mu rufe ido mu yi addu'a, ta yi addu'a a kan ruwan sama da masu tafiya, aka tashi.

Kafin Lahadi labarin ya kai kasuwa. Litinin Adda ta fita da bokitin kunu cike, ta dawo da shi cike. Talata ma haka. Ran Laraba ba ta dama ba. A zumunta aka sayi sabon tulu aka ba wata, nata aka bar shi a bayan ƙofa ba mai taɓawa. Ranar jibin Ubangiji, da ake zagayawa da ƙoƙo a coci, wani dattijo ya raɗa mata ta jira kowa ya gama sha. A gida, mai gidan hayar ya ce ta nemi guganta daban, ya kuma sa kwaɗo a bayi ya raba wa kowa makulli ban da ita. 'Ya'yanta, da aka duba aka ga ba su da komai, uwayen unguwa suka hana a yi wasa da su.

Ni ma ban fita daga laifin ba. Wata safiya ta dama kunu kaɗan don yaranta, ta kawo mini kofi. Na karɓa na yi godiya. Da ta juya na zagaya bayan ɗaki na zubar a kwata. Ina ɗagowa na gan ta a wajen igiyar shanya, da jiƙaƙƙen zane a hannu. Na san duk abin da nas ta faɗa, ita da kanta ta gaya mini. Ta ci gaba da shanyarta. Ba ta ƙara kawo mini kunu ba.

Mata biyu na zumunta sun zo mini a ɓoye a makonnin nan, da sunan kawo ɗinki. Kowace ta ce da ta yi niyyar zuwa asibiti, don mijinta ba ya zama. Kowace ta ce ta fasa.

Da sati biyun suka cika na tuna wa ƙanena.

"Yaya, kin ga abin da aka yi mata?" ya ce. "Ita da ba ta yi komai ba. Mai ɗibar jinin ɗan unguwarmu ne. Kafin in iso gida an ji a tasha. Wa zai ba ni mota? Wa zai ci abinci da ni?"

"To yarinyar nan fa?"

"Lafiyata ƙalau. Dube ni."

Ƙato ne a lokacin, yana ɗaga tayar tifa shi kaɗai. Na yi masa magana sau ɗaya bayan wannan, ya yi fushi ya yi kwana goma bai zo ba, sai na bari.

Ni na ɗinka wa amarya kayanta. Ta zo awo daga Sunkani, tana ta hira a kan ɗaliban da aka ba ta. Ina zagaya tef a ƙugunta ta ce, "Yaya, yau kin yi shiru." Na ce kaina ke ciwo. Abin da ke raina shi ne masu kawo ɗinki sun riga sun ragu saboda gidan da nake, in kuma aka ji an fasa auren ƙanena a kan wannan magana, na rufe keke ke nan.

Adda ba ta ga bikin ba. Mai gidan haya ya ba ta wata ɗaya, ta loda kayanta da yaranta a bayan a-kori-kura ta koma Lau. Na taya ta ɗaure katifa, muka yi sallama kamar baƙi. Ta rasu kafin Ista ta zagayo. Daga zumunta mata uku suka je jana'iza, ba ni cikinsu.

Ɗan ƙanena na fari ya rasu yana wata takwas. Uwar ta fara tari a shekara ta uku, ta bar koyarwa, iyayenta suka ɗauke ta. Ta rasu a Sunkani ana girbin dawa. Ƙanena ya bi ta bayan wata biyar, a ɗakina, kuma har ya mutu cewa yake taifot ne.

Lokacin da na je yi wa iyayen matar ƙanena gaisuwa, mahaifiyarta ta raka ni har bakin titi. Muna jiran mota ta ce, "'Yata, ku kun sani kafin auren?"

Na ce, "Mama, ba a taɓa gwada shi ba."

Ta dube ni, ta gyaɗa kai. Ta tsaya tare da ni har motar Jalingo ta zo, ta ce in gai da mutanen gida.