Yadda Baba Mai Gam Ya Shiga Sashen Tarihi

Shekara ashirin da shida Baba Mai Gam ya yi a laburaren yankinsu yana gyara littattafan da suka yage. Teburinsa na can ƙurya, bayan kantar tsofaffin jaridu, da kwalbar gam da allura da zare a kai. Ba shi da yawan magana, amma ka tambaye shi kowane littafi zai ce, "Kanta ta huɗu daga ƙasa, mai koren bango. Ni na liƙa masa shafi na tara."

Da aka zo sabunta laburaren, aka kawo kwamfutoci, aka manna wa kowane littafi lamba, aka kafa ƙofa mai ihu idan an fita da littafin da ba a ara ba. Ranar farko da aka tashi aiki, Baba ya zo wucewa, ƙofa ta kwarma ihu. Ya cire hula, ta yi ihu. Ya cire takalmi, ya zazzage aljihu, ta ƙara. Injiniyan da ya kafa ta ya zagaya shi sau uku, sannan ya dubi shugabar laburaren ya ce, "Ranki ya daɗe, na'urar nan ba ta ƙarya. A wurinta Baba littafi ne."

Shugaba mace ce mai bin doka sau da ƙafa. Ta zaro umarnin hedikwata: duk abin da ya sa ƙofa ihu a shigar da shi kwamfuta, kuma ba ya fita sai an are shi.

"Ranki ya daɗe, ni fa mutum ne, har da jikoki."

"Na sani, Baba, amma fom ɗin ba shi da gurbin mutum. Sashen Tarihi kake so ko na Sana'ar Hannu?"

Baba ya ce Tarihi ya fi mutunci.

Aka aika wa matarsa. Ta zo tana haki, a zatonta faɗuwa ya yi. Da ta ji zancen sai ta riƙe haɓa. "Malam, shekara talatin muna tare, yau kuma sai da kati zan kai ka gida?" Aka yanka mata kati, aka haska masa na'ura a goshi, ƙofa ta yi tsit. Tun daga ranar, kullum da yamma takan zo ta are shi, da safe ya mayar da kansa.

Kunya ta hana shi sakewa, har ranar da wata ɗaliba mai rubuta kundin digiri ta ci karo da shi a kwamfuta: kwafi ɗaya, yana nan. Ta are shi, ta zaunar da shi a inuwar bishiya. Cikin awa biyu ya lissafa mata littattafan da ta yi wata uku tana nema. Kan ka ce kwabo labari ya bazu, aka fara layi. Baba, wanda a da ko sallama ba a cika yi masa ba, ya sayi sabuwar hula.

Wata yamma matarsa ta zo aka ce mata ita ce ta bakwai a layi. Ta ajiye jakarta a kan tebur ta ce yau za a ga wanda ya riga wani. Shugaba ta yi maza ta rubuta doka: daga ƙarfe huɗu, mai karatu ɗaya ce ke da izinin wannan kwafin.

Ƙarshen shekara, rahoto ya nuna babu abin da aka ara kamar Baba. Hedikwata ta aiko da yabo, ta ce a sa shi a intanet, a kuma nemo ƙarin kwafi. Baba ya kifa fuska a kan gilashin na'urar ɗaukar hoto, hoton ya fito da hanci a baje, haka aka tura shi. Batun kwafi kuwa, ya kawo ƙanensa direba, wanda suke kama kamar an tsaga kara. Aka sa shi ya ratsa ƙofar sau biyar, ko tari ba ta yi ba. Ƙanen ya tafi cikin fushi, ya yi wata biyu ba ya gaida yayansa.