Katakon da ke Ƙarƙashin Faiba

Ƙanina ya kira ni jahili a gaban abokansa, kuma har in mutu ba zan manta ranar ba. Yaron da na goya a Yauri fa, wanda na bar makaranta daga aji biyu na koma sassaƙar jirgi don shi ya ci gaba.

Lokacin yana digirin dokta a injiniyanci, ni ina tura wa mutane kaya gida daga Cheras, unguwar da muke zaune a ƙasar waje. Ya sayi wani tsohon kwalekwalen faiba, irin na roba mai tauri, ya ajiye bayan shagon wani makanike, wai zai riƙa kai 'yarsa kamun kifi a tafki. Da na je gani, ina takawa na ji ƙasan ya lotsa kamar katifa.

Na ce, "A buɗe shi. Katakon ciki ya mutu."

Ya kalli abokansa ya yi dariya. "Yaya, bar jahilcin nan. Faiba ba ta ruɓewa ai, ba jirgin Yauri ba ne. Sabon falanki za mu shimfiɗa a kai kawai."

Wallahi na so in tafi in bar shi da iliminsa. Sai ga 'yar, shekararta shida, ta saka rigar ruwa a bai-bai, tana jan hannuna: "Baba Babba, yaushe za mu shiga?" Ita ta hana ni.

Yana tafiya wani taro na mako biyu na sa zarto na yanke ƙasan. Dogayen katakan nan biyu da ke kwance daga kai zuwa gindi, masu riƙe jirgin, da hannu na dumbuzo su kamar jiƙaƙƙen burodi. Na yanka sababbi, na shafe su da gam, na lulluɓe da ƙyallen faiba, sannan na ɗora sabon daɓe. Kwana tara hannuwana na ƙaiƙayi, ina aiki ina zaginsa a zuci. Matarsa ce ke yi min ƙunshin shinkafa, ba ta gaya masa ba.

Da ya dawo na zuba masa ruɓaɓɓen katakon a tafin hannu. Ya matsa, baƙin ruwa ya ɗiga. Ya kalli 'yar, ta sake saka rigar ruwan a bai-bai, idonsa ya yi ja.

"Yaya, ka yafe min."

Na ce, "Dokta, littafinka bai yi ƙarya ba, faiba ba ta ruɓewa. Amma abin da ke ɗauke da ita yana ƙasa, ba a ganinsa, kuma shi ne ke gajiya. Gobe kafin ka raina mutum, ka tuna wa ya ɗauke ka. Gyara wa yarinya rigarta mu je ruwa. Ni zan tuƙa."