Gwaggo Mai Tafireta, Wadda Ta Jira Ni Har Na Iya Karatu

Ranar Laraba, sha tara ga watan Fabrairu, wajen ƙarfe goma na safe, ina tsaye a kantin maganin da nake aiki ina haɗa wa wata mata magungunanta, sai wayata ta yi ƙara. Babbar 'yarki ce. Ba ta tsawaita ba, ta ce, "Mama ta cika ɗazu." Na ce mata na Allah ne mu duka, wurinsa kuma za mu koma. Na miƙa wa matar maganinta, na yi mata bayanin yadda za ta sha, sannan na shiga ɗakin ajiya na zauna a kan wani kwali. Shekarata arba'in da ɗaya, da mata da 'ya'ya uku, amma a wurin nan ji na yi na koma yaron da kika fara gani yana ɓoye fuska a bayan littafi.

Gwaggo, ba jini ya haɗa mu ba. Mu yaran makaranta ne muka laƙaba miki wannan suna, domin kin hana mu ce miki Malama. Kin ce ba ki taɓa riƙe alli ba, shekara talatin da biyu kika yi kina buga takardu a ofis har kika yi ritaya. Mako uku kika iya zama a gida. A na huɗu kika je wurin hedimastan firamarenmu kika ce ya ba ki yaran da aka gaji da su. Shi da kansa ya ba ni wannan labari bayan shekaru, ya ce da farko ya ɗauka wasa kike yi.

Ya ba ki mu shida, ya kuma ba ki tsohon ɗakin ajiyar littattafai da ke ƙarshen baranda. Har yau idan na rufe ido ina ganin ɗakin: taga ɗaya, kabad da ba ya rufuwa, taswirar da rana ta cinye rabinta, da tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya wanda kike cusa wa naɗaɗɗiyar takarda don ya daina rawa. Kowace Talata da Alhamis, idan an tashi, mukan hango ki daga bakin ƙofar makaranta, kin karkace gefe guda saboda nauyin tafiretar da kike ɗauke da ita cikin akwatinta, ɗaya hannun kuma da filas ɗin shayi.

Ni a lokacin ina maimaita aji huɗu. Ban iya karatu ba, kuma ban yarda kowa ya sani ba. Dabarata ita ce in kasa kunne idan wani yana karantawa, in haddace, idan an zo kaina in zuba kamar ruwa ina bin layi da yatsa. Yara sun gane, suka sa mini suna Aku. Malaminmu bai gane ba, kuma ban ga laifinsa ba, mu saba'in da ɗoriya ne a gabansa.

Ke a zama na biyu kika kama ni. Kika miƙo mini littafi, na soma zuba abin da na haddace, na yi nisa, sai kika sa yatsa a hankali kika juya mini shafi baya, domin ashe wanda nake kallo ba shi nake faɗa ba. Na jira dariya, na jira tsawa. Kika tura sauran yaran su ɗebo ruwa, muka rage mu biyu, sannan kika ce, "Wanda ya haddace shafi guda daga ji sau biyu, kansa lafiya lau. Haruffan ne ba a gabatar maka da su ba. Zo ka gaisa da su."

Kika zaunar da ni gaban tafireta, kika ce in nemo harafin farko na sunana. Na daɗe ina nema. Na san na daɗe domin har shayinki ya huce. Ba ki nuna mini ba, ba ki yi tsaki ba, ba ki dubi agogo ba. Da na same shi na danna, ƙarfen ya tashi ya mari takarda, ga harafin nan baƙi a tsaye. Wannan ne abu na farko da na taɓa rubutawa ba tare da na kwafa daga littafin wani ba.

Daga nan muka shiga wahala ta gaske. Wata biyu "b" da "d" suna juya mini baya. Nakan yi fushi in ture takarda, ke kuma ki ɗauka ki miƙe ta, ki mayar, ki ce mu sake. Idan na kai ƙarshen layi 'yar ƙararrawar tafireta ta yi ƙara, sai ki ce, "To, ta yaba maka." Mun yi rububin jin ƙarar nan kamar wata lambar yabo.

Ba karatu kaɗai kika lura da shi ba. Akwai yarinyar da muke kira 'Yar Shiru, wadda kowa ya ɗauka taurin kai ne ya hana ta amsa tambaya. Ke kika lura kullum kunnen hagu take juyo wa mai magana. Kika raka ta asibiti ita da uwarta, aka tarar ɗaya kunnen ya daɗe da toshewa, aka yi magani, aka dawo da ita layin gaba a aji. Kafin shekara ta zagayo sai da aka riƙa roƙonta ta yi shiru. Idan an kira taron iyaye, kikan zauna a madadin duk wanda nasa ba su samu zuwa ba, ki ji abin da malami zai ce, ki dawo ki faɗa mana ba ƙari ba ragi. Ke kika koya mini cewa "ban gane ba" magana ce kamar kowace magana, ana faɗinta a ɗaga kai.

Duk da haka, da sakamakon zango na biyu ya fito, na uku na zo daga ƙarshe. Babana mai walda ne, mutum ne mai ƙarancin magana. Ya ba maƙwabci takardar ya karanta masa, ya ninke ta, ya ce daga Litinin in riƙa bin sa shago. Ba don mugunta ba. Gani ya yi gara in tashi da sana'a a hannu da in tashi ba ko ɗaya. Ni ma ban musa ba, domin na riga na yarda ni ba ɗan karatu ba ne.

Talata ban zo ba, Alhamis ban zo ba. Ranar Asabar da hantsi ina riƙe wa Baba ƙarfen ƙyaure, tartsatsi na tashi, sai na ga takalmanki a bakin shago. Ban san wanda ya kwatanta miki wurin ba. Baba ya kashe inji, ya ɗaga baƙin gilashinsa, ya goge miki benci da tsumma. Bayan kun gaisa ya ce, "Hajiya, shekara biyar ke nan yana zuwa makaranta. Abin da bai shiga a shekara biyar ba, yaushe zai shiga?"

Kika ce, "Shekara biyar yana zama cikin yara saba'in. Wata huɗu ne kacal da aka zauna da shi shi kaɗai. Sana'arka ba ta da abin kushewa, ita ta ciyar da shi. Amma ko walda zai yi, bari ya zama mai waldar da zai karanta takardar aiki da kansa. Zango ɗaya nake roƙo. Idan bai yi ba, ni zan kawo maka shi har nan."

Baba ya ce zango ɗaya, amma Asabar ta shago ce. Kika ce kin yarda. Da za ki tafi kika dube ni kika ce, "Kai kuma, na ga ba ka zo ba. Duk ranar da ba ka zo ba ina gani." Gwaggo, a duk shekaruna na makaranta ba wanda ya taɓa gaya mini haka. Na sha yin fashin mako guda ba a tambaya ba.

Zangon bai ƙare ba idon Baba ya yi ciwo. Ya dawo daga asibiti da 'yar kwalba da takarda, ya sa takalmi zai nufi gidan maƙwabci kamar yadda ya saba. Na ce ya kawo in gwada. Ya miƙo mini ba don ya yarda ba. Na bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ina tuntuɓe ina tashi: ɗigo biyu a kowane ido, sau uku a rana, kwana bakwai, a guji haske mai ƙarfi. Innata ta tsaya cak da tsintsiya a hannu. Baba ya ce, "Sake." Na sake. Ya cire takalminsa ya zauna.

Da idon ya warke, wata Alhamis muna cikin aiki sai ga shi a ƙofar ɗakinmu da ma'auni a hannu. Ya durƙusa ya auna ƙafafun teburin nan, ya tafi. Talata muka tarar an yi masa sabbin ƙafafu na ƙarfe, daidai wa daida, an shafa fenti. Godiyar Baba ke nan, kuma kin fahimce ta, domin ba ki taɓa tayar masa da zancen ba. Maganar komawa shago kuwa ba ta sake tasowa ba.

Ba zan ce kowa ya tsira a hannunki ba, ke ma ba za ki so in faɗi haka ba. Akwai wanda muke kira Guguwa saboda faɗa, ya fi mu duka kaifin kai, amma gidansu ba zaman lafiya. Ya bar zuwa, kin bi shi sau uku, bai dawo ba. Abin ya tsaya miki a rai, duk haɗuwarmu sai kin tambaya ko na ji ɗuriyarsa. Bayan shekara goma sha takwas sai ga shi ya faka babbar mota a ƙofar makaranta, ya sauko da 'yarsa ta fari a hannu, ya ce miki shi dai ya ƙi, amma ga wannan. Ranar kika kira ni a waya kina dariya.

Ni kuwa na lallaɓa na gama firamare, ba na ɗaya ba, ba na goma ba, amma da ƙafata. Na yi sakandare, na koyi aikin haɗa magunguna. Ranar da na kawo miki takardar shaidata kika sa tabarau kika karanta ta tun daga sama har sa hannun ƙasa, sannan kika ce, "Ikon Allah. Kai da 'b' da 'd' suka hana barci, yau kai ne mai karanta rubutun likitoci." Shekara goma sha tara kika yi kina zuwa ɗakin nan kafin gwiwa ta hana ki. Ba ki taɓa ƙirga yaran da suka ratsa ta hannunki ba, amma kina tuna laƙabin kowa da harafin da ya fi ba shi wahala.

Akwai abin da nake jin kunyarsa, zan faɗa. Na yi shekara shida ban taka gidanki ba. Aiki, aure, yara, kullum ina cewa mako mai zuwa. Sai a watan Disamba na je. Na same ki a kujera kusa da taga, ganinki ya yi rauni ƙwarai, amma ina yin sallama kika ce, "Aku ne?" Ba ki yi mini ƙorafi ko ɗaya ba. Kika tambayi matata da yara da sunayensu. Can kika ce, "Akwai yaron da kake zama da shi?" Na ce aiki ya yi yawa, sai dai idan na yi ritaya. Kika ce, "Kuskuren da na yi ke nan. Ina zaune a ofis yara nawa suka wuce? Awa ɗaya ce a mako. Kada ka jira gwiwarka ta mutu."

Na yi nauyin jiki har watan Janairu, sannan na je wata firamare kusa da wurin aikina. Suka ba ni yara biyu, ranar Asabar. Na yi niyyar sai ɗayansu ya karanta layi guda cikakke in kawo miki shi ki ji da kunnenki. Bai kai ba tukuna, Gwaggo. Yana kusa. Zan jira shi.

Ga 'ya'yanki mata biyu da ɗanki, da jikokinki, da ƙanenki da ya yi ta jinyarki, ina miƙa ta'aziyyata da ta dukan waɗanda suka zauna a ɗakin nan. Ranar da muka raka ki makwancinki, 'yar autarki ta ce mini tana aji ɗaya na sakandare lokacin da kika fara zuwa wurinmu, kuma ta daɗe tana jin haushinmu, domin ranakun Talata da Alhamis ita ke buɗe wa kanta ƙofa ta ɗumama abincinta. Ta faɗa tana murmushi, idonta cike da hawaye. Ban taɓa tunanin wannan ba sai ranar. Ashe awannin da muka samu daga rabonku aka yanko mana. Ku yafe mana, kuma mun gode. Allah ya ba ku haƙuri, ya haɗa kanku, ya tsaya wa 'ya'yanku a duk inda suka gaza.

Ya Allah, baiwarka ta zo gare ka. Ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata mata makwanci, ka haskaka shi, ka karɓi abin da ta yi, ka ninka mata. Ta yi haƙuri da 'ya'yan mutane a lokacin da ba wanda ya tilasta mata. Ka yi mata rahamar da ta fi haƙurinta nesa ba kusa ba. Ka sada ta da iyayenta da mijinta a gidan Aljanna. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Amin.