'Yan Jakunkunan Inna Mai Keke

Ƙarfe bakwai na safe bai taɓa samun Inna Mai Keke a hanya ba. Kafin masu shara su gama da baranda, ta buɗe ɗan ɗakin nan na bayan wurin wankin asibiti, ta yaye wa keken ɗinkinta mayafi, ta ɗiga masa mai, ta jawo tulin zannuwan gadon da suka yage. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana faci. Wannan shi ne aikin da aka ɗauke ta, amma ba don shi muke jinjina mata ba.

Idan aka tashi hutun rana, sai ta zazzage ƙyallayen da take roƙowa wurin teloli, ta ɗinka 'yar jaka wadda ba ta fi tafin hannu ba. A ciki ake zuba 'yan kunne da zoben duk macen da za a shiga da ita tiyata. Wadda ta farka, ta tafi gida da jakarta, kyauta. Wadda ba ta farka ba, a miƙa wa danginta.

Abin da ya jawo haka, shekararta biyu da fara aiki 'yarta ta fari ta rasu a ɗakin tiyata. Aka miƙo mata 'yan kunnen yarinyar cikin takardar zuba ƙwayoyi, da rubutun "sau uku a rana" a jiki. Kafin ta kai gida, ɗaya ya zurare. Ta sake bin hanyar tana duban ƙasa har ƙofar asibiti, ba ta gan shi ba. Ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ranar da ta koma aiki ta ɗinka jakar farko.

Tana da dokokinta. Ba ta taɓa farin yadi, ta ce mai makoki ya ga farin da ya ishe shi. Gindin jaka sau biyu take bin sa da ɗinki. Zariya kuma mai kauri, wadda ja ɗaya ke buɗewa, domin hannun da ke rawa ba ya iya kwance ƙulli.

Babbar nas, wadda kowa ke kira Sista, ta ba da labarin wani kafinta dattijo da ya dawo bayan mako guda da rasuwar matarsa, wai ya kawo kayan asibiti.

"Na zaci aro aka ba ni," in ji shi.

Inna ta naɗe masa yatsunsa a kan jakar. "Baba, wa ke ba da aron irin wannan? Taka ce."

Ya zauna a kan tulin zannuwa, ya yi kukan da bai yi a gida ba.

Ke ce, Inna, mai rufa wa baƙin ciki asiri. Ba ki san sunayen yawancinsu ba, su ma ba su san naki ba.

To, bara ido ya fara gazawa, likita ya ce ba mai gyaruwa ba ne. Ta ɓoye, tana zura zare da lalube. Rannan ta ɗinke bakin jaka ruf ba ta sani ba. Sista ta warware a ɓoye, amma da jakar ta dawo hannun Inna, yatsunta suka ji ramukan allura. A ranar ta nemi a sallame ta. Ba barin aikin ne ya dame ta ba. Tsoronta kada a koma miƙa wa uwa zoben 'yarta a takarda.

Ranar sallama, Sista, wadda ko maɓalli ba ta iya ɗinkewa, ta fito da wata jaka da ta yi kwana uku tana fama da ita. Inna ta shafa ta ciki da waje, ta ja zariyar, ta tura yatsa kowace kusurwa.

"Wannan ai kamar kaza ce ta ɗinka," ta ce. Aka yi dariya, wasu na share ido. "Amma ba abin da zai faɗi. Ki ba da ita."

Mun gode, Inna, Allah ya saka miki. Ku kuma masu allura da ƙyalle a gida, hannun Sista ɗaya ba zai isa ba, ga shi gobe da safe mata huɗu za a shiga da su tiyata.