Rigar Sana'a da Bugun Kura

Abin da na fara gani da muka shiga gidan shi ne hannuwan wata dattijuwa. Shuɗi ne har wuyan hannu, farcen ma ya rine. Rabon da in ga irin hannun nan tun hutun da muka je Kura wajen kakana. Amma bari in ɗauko muku labarin daga tushe.

Mun tashi da asuba ranar Lahadi daga gidanmu da ke kusa da Jebel Ali a Dubai, inda Baba yake aiki a tashar jiragen ruwa. Yayata ce ta ga sanarwar wasu mutane da ke haɗuwa wata-wata a wani tsohon gida a unguwar Al Ras. Sukan sa tufafin mutanen da, su kafa kasuwa irin ta zamanin kakanni, su yi sana'o'in da hannunsu. Ba biyansu ake yi ba, sha'awa ce kawai. Wannan karon za su nuna rayuwar Yahudawan Yemen ne. Baba ya ce in bi ta, ko Allah zai sa in buɗe baki a waje, don a gida ma sai an yi mini tambaya uku nake amsa ɗaya.

Jirgin ƙasa ya cika da ma'aikata masu gyangyaɗi a tsaye. Mun shiga taragon mata, na manne a taga ina kallon dogayen benaye suna raguwa, har muka nutse ƙarƙashin ƙasa. Da muka fito a Al Ras, ƙamshin kanumfari da busasshen lemun tsami ya tare mu. Muka sha karak, shayin nan mai madara da kayan ƙamshi, da gurasa mai ƙwai, wadda mai shagon ya naɗe mana a takarda yana cewa, "Yalla, yalla," kamar mun tare masa hanyar Makka.

Gidan yana da tsakar gida irin namu, da ɗakuna kewaye. A wani lungu wani mutum ya zauna a tabarma, ya maƙala gashin ulu guda biyu a gefen kunnuwansa irin na mazan Yahudawan, yana kwaikwayon maƙerin azurfa. Yana murɗa zaren azurfa siriri kamar gashi, yana mai da shi fure. Ya ce yawancin kayan adon amaren Yemen, har na Musulmi, daga hannun irin waɗannan maƙera suke fitowa a da. Na lura a ƙarƙashin tsohuwar rigarsa akwai agogon zamani da ya manta bai cire ba. Ban faɗa wa kowa ba.

Dattijuwar mai shuɗin hannu ita ce babbarsu. An haifi kakarta a birnin Sana'a na Yemen. Yayata ta durƙusa ta ce, "Ina kwana, Hajiya," sannan ta tuna Bayahudiya ce, ta rufe baki. Matar ta yi dariya har da hawaye, ta ce duk 'yan Najeriyar da ke kasuwar nan haka suke kiranta, ta riga ta saba.

Ta nuna mana hular mata mai rufe kunne da wuya, an jera mata ƙananan azurfa a goshi, da wando mai aikin allura a ƙafa. Sai ta ɗauko rigar da za ta sa ta fito a matsayin kakarta, fuskarta ta sauya. Mako uku tana rina ta da kanta. Ta ce kakarta ta sha ba ta labarin cewa rigarta tana ƙyalli kamar an shafa mata mai, har tana barin shuɗi a fata. Wannan kuwa ta fito a dushe. Ta yi mata guga, ta sa sitaci, a banza. Mu sammako muka yi aka bar mu muka shiga, sai bayan la'asar za a buɗe wa 'yan kallo ƙofa, ga jikokinta za su zo. Ta ce in dai haka rigar take, gara ta mayar da ita akwati, ba za ta tsaya a matsayin kakarta da abin da bai yi kama ba.

Ni kuwa na san abin da ya rage. Gidan kakana yana jikin mabuga, inda ake bugun rinannun tufafi, in muna can ƙarar bugu ce ke tashina daga barci kullum. Na ja gefen mayafin yayata na raɗa mata. Ta ce, "Auta, bakinki ne, ke za ki faɗa."

Matar ta fara ninke rigar. Sai na ji muryata ta fita: "Mama, ba a buga ta ba."

Ta juyo. Na ce a garinmu rini rabin aiki ne. Sai an yayyafa ruwa, an barbaɗa garin shuni, an ninke, an ɗora a gungumen itace mai santsi, mutum biyu su yi ta duka. Sai ta ce kakarta takan ambaci unguwar da ba a iya barcin rana saboda ƙarar katako, ita kuwa ta ɗauka kafintoci ne.

Yayata ta ruga shagon kayan ƙamshi ta sayo taɓaren katako guda biyu, mai shagon yana tambayar wace irin tafarnuwa za mu daka haka. Maƙerin ya kawo guntun katakon tsohuwar ƙofa. Na zauna gefe ɗaya, dattijuwar gefe ɗaya. Da farko muna ta karo, sai na riƙa ƙirga mata: ni, ke, ni, ke. Muka huta muka yi sallar azahar ni da yayata, dattijuwar ta riƙe mana jakunkuna, muka dawo muka ci gaba. Da muka warware ninkin a rana, ga ƙyalli. Bai kai na Kura ba, ba zan yi muku ƙarya ba, amma da ta goga rigar a kumatunta sai ga shuɗi. Ta riƙe ta a ƙirji.

Ta sa rigar, jikokinta suka yi ta ɗaukar hoto. Ni kuma aka ɗaura mini zani aka zaunar da ni a matsayin mai bugu, ina amsa tambayoyin baƙi da kaina.

Mun iso gida bayan magariba, kafaɗata tana ciwo, tafin hannuna shuɗi. Na je kallon tarihin wasu mutane ne, ashe wani yanki nasa yana bayan gidan kakana. Na kira shi a waya. Ya ce, "Amaryata, yau ke ce da kira da kanki? Ko an yi mini kishiya a Dubai ne?"

Na ce, "Tsoho, kowa daga nan yake aika kaya gida. Ni kuwa don Allah ka aiko mini da mabugi biyu daga Kura. Ɗaya nawa, ɗaya na wata kakata."