Duwatsun Baffa Shodmon

Ranar Talata, tara ga watan Satumba, bayan azahar, Allah ya karɓi ran Baffa Shodmon a ƙauyenmu, bayan kwana shida yana fama da ciwon haƙarƙari. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Sai dai ni na san inda ciwon ya samo asali, kuma da hannuna a ciki.

Baffa, shekara arba'in kana jera duwatsu a hanyar da ta ratsa tsaunukanmu, tsibi bayan tsibi, don mai tafiya ya san inda zai sa ƙafa in hazo ya sauko. Ba wanda ya sa ka. Hanyar tafiyar wata guda ce, ka ɗauki tafiyar yini ɗaya a cikinta ka riƙe kamar gonar gado. Duk wanda ya sauko sai ka tare shi da koren shayi da gurasa, ka dubi takalminsa ka ce, "Da wannan ka hau? Lallai uwarka tana yi maka addu'a."

Sai ga 'yan birni daga Dushanbe, masu zuwa da safe su koma da yamma, ni ne jagoransu. Duwatsunka suka burge su, kowa ya tara nasa inda hoto zai yi kyau, har bakin kwazazzabo. Ka ja ni gefe ka ce, "Firdavs, ɗana, kada ka bari su sa dutse ya yi ƙarya." Na ce to, amma ban hana ba, ina gudun ɓata wa baƙi rai.

Ran Laraba, kwana shida kafin rasuwarka, hazo ya rufe, wata baƙuwa ta bi tsibin ƙarya ta ɓace. Mu majiya ƙarfi muna ta shawara, kai da gwiwarka mai ciwo har ka haura cikin ruwan sama. Kafin la'asar ka sauko da ita, rigarka ta ulu a jikinta, kai kana rawar ɗari. Ta shiga mota ko sunanka ba ta tambaya ba. Rigar ma da ita ta tafi. Cikin dukan waɗanda suka sha shayinka, ko ɗaya bai tako jana'iza ba, kuma abin yana ci mini rai.

Jiya na hau don in rushe na ƙarya. Na tsaya tsakiyar tsibi fiye da ɗari, wallahi na kasa bambance naka da nasu. Sau nawa ka ce in zo ka nuna mini yadda kake ɗora su, ina cewa gobe? Haka na sauko ban taɓa ko ɗaya ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Inna Gulbahor da 'ya'yanka, Allah ya ba su haƙuri. Allah ya jiƙan ka, Baffa, ya haskaka makwancinka, ya nuna maka hanyar Aljanna kamar yadda ka nuna wa bayinsa hanya. Ni kuma ka yafe mini. Asabar mai zuwa wata motar baƙin za ta iso, kuma ni za su bi.