Fiton Mijinyawa

Wata Talata ce cikin watan Agusta, ana yayyafi tun asuba, irin wanda ba ya jiƙa mutum sai ya daɗe a cikinsa. Gajimare ya sauko ƙasa-ƙasa, garin Keffi ya yi shiru kamar bai gama farkawa ba. A ranar aka cire wa Mijinyawa haƙorin turmi.

Mijinyawa mai gyaran laima ne a Tudun Ƙofa, amma da tattabaru aka fi saninsa. Yana da wajen arba'in, cikin tsofaffin tukwane da ya jera a kan katanga. Kullum bayan la'asar sai ya tsaya tsakar gida ya yi wani dogon fito mai lanƙwasa a ƙarshe. Sai ka ga tsuntsaye sun taso daga wajen rafin Antau, sun kewaya sau biyu, sun zubo masa har kafaɗa. Shekara talatin ba su san wani kira ba sai wannan.

"Tsoho da furfura yana fito kamar ɗan tasha," in ji matarsa Huraira.

"Ai da fiton na samo ki."

"Da laima ka samo ni, ita ma ta aro."

Da likita ya gama cire haƙorin, ya sa masa auduga, ya ce kada ya kurkure baki sai gobe, a bar jinin ya daskare ya rufe ramin. Mijinyawa ya gyaɗa kai. Amma da azahar ta yi, ya ɗauki buta, hannu ya yi abin da ya saba. Ya kurkure sau uku da ƙarfi, don a ganinsa alwala ba ta cika sai da haka. Ya ga wani abu baƙi-baƙi ya faɗa kwata, ruwan sama ya tafi da shi. Da la'asar ya sake, da magariba ma haka.

Kwana uku ciwo ya hau har kunne. Huraira ta daka kanumfari ta cusa masa, ya lafa, ya dawo. Ranar biyar muƙamuƙi ya kumbura, baki ya soma wari, ya ƙi buɗuwa ko cokali ya shiga. Zazzaɓi ya kwantar da shi. Yana kallon rufin ɗaki sai ya ga ya buɗe kamar laima, tattabaru na shawagi can sama ba ƙarar fiffike, shi kuma yana tafe a bayansu, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa.

Da la'asar ya dafa bango ya fito. Ya tattara leɓe, iska kawai ta fita. Tsuntsayen suka kewaya sau biyu, sau uku, suna jiran kira, sannan suka miƙe wajen hanyar Garaku. Abin da ciwo bai sa shi ba, wannan ya sa shi: ya yarda maƙwabcinsa Julius ya kai shi asibiti a mota.

"Baba, wa ya ce ka kurkure?" in ji nas Anjelina tana taɓa kumburin.

"Alwala ce, 'yata," Huraira ta amsa a madadinsa. "Wannan ko likitoci goma suka taru, buta ce za ta ci su."

Aka tsaga ƙasan muƙamuƙi aka fitar da mugunya, aka ɗaura masa ruwa da allurai. Kwana tara ya yi a gado. Limamin unguwa ya zo dubiya, ya ji labari, ya girgiza kai.

"Haba Mijinyawa! Kurkurar baki sunna ce. Da ka bar ta kwana ɗaya, ai sallarka ta yi."

Mijinyawa ya rufe ido, ya daɗe bai buɗe ba.

Kullum idan Huraira ta kawo kunu, sai ya kaɗa mata yatsu kamar fiffike. Ta ce, "Suna nan," tana kallon wani wuri. Sai ranar sallama ta faɗi gaskiya: mafi yawansu sun koma rufin wani injin niƙa a kasuwa.

"Har fiton naka na gwada," in ji ta. "Kaji ma ba su waiwayo ba."

Da bakin ya saki, fiton ya dawo, amma ba na dā ba: siriri ne, ba lanƙwasa. Ya tsaya tsakar gida ya yi, sama wayam. Washegari ya sake. Haka ya yi ta yi har damina ta ja baya. Wata la'asar wata farar tattabara ta kewaya, ta yi kamar za ta wuce, sai ta sauka a kan butarsa ta zuba masa ido.

Mijinyawa yana nan a Tudun Ƙofa, da tabo a ƙasan muƙamuƙi, yana gyaran laima. Tattabaru goma sha bakwai ke amsa sabon fitonsa. Sauran suna can rufin injin niƙa.